Launin Kifin da Ba Wanda Ya Taɓa Gani

Lawali ya dawo Mayahi daga Tamanrasset da baƙin tabarau, da farar shadda ɗinki ɗaya, da baki. A cikinsu bakin ne kaɗai bai taɓa samun hutu ba. Duk wanda ya zauna rumfar mai shayi ya ji yadda Lawali shi kaɗai ya shafe otal mai benaye da fenti, da yadda Balaraben da ke da otal ɗin ya rungume shi yana hawaye saboda kyan launi. Waɗanda suka yi ci-rani tare da shi sun ce iyakar abin da suka gani, bokiti yake miƙa wa masu shafen. To amma su ba su da tabarau, saboda haka ba wanda ya saurare su.

Abin da ya rage wa Lawali shi ne bangon da zai nuna gwanintarsa a kai. Ya zagaye gari yana tayi, kowa ya yi masa godiya ya ce bangonsa lafiya lau yake. Ana cikin haka sai aka yi haihuwa gidan taubashiyarsa, Madam Hindatu, ɗiyar kawunsa.

Madam Hindatu ba mace ce da ake yi wa aikin ganin dama ba. Ta ƙare ƙuruciyarta tana karantarwa a lekol, ta ajiye alli tana shugabar makaranta, kuma rabin magidantan unguwa sun ɗanɗani rularta a tafin hannu. Har yau in ta ga abu a karkace sai ta ba shi maki, ko tulu ne ko mutum. Tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da gidanta, kuma ko tsinke ba ya zama inda ba ta ajiye shi ba. Ɗiyarta Sa'adiya, wadda ke aure a Tasawa, ta zo goyon ciki ta sauka lafiya, an samu namiji. Ran suna dangin miji za su cika gidan, a gabansu uwar mijin, Hajiya Zara'u.

Nan damuwar take. Lokacin bikin Sa'adiya, Hajiya Zara'u ta leƙa ɗakin girkin Madam, ɗakin ƙasa mai rufin azara wanda hayaƙin shekaru ya mai da shi baƙi ƙirin, ta yi murmushi ta ce, "Ashe nan ake girkin? Ni na ɗauka rumbun gawayi ne." Ran nan Madam ta yi dariya saboda kunyar surukuta, amma maganar ba ta taɓa barin ƙirjinta ba. Ta ƙudura cewa wannan karon matar Tasawa ba za ta sami abin faɗi ba. Kuma abin da take so bai taka kara ya karya ba: a share kunkunniya, a shafa farar ƙasa. Sai dai ta faɗi haka a wurin barka, Lawali yana zaune yana cin goron da ba shi aka miƙa wa ba.

"Farar ƙasa!" Ya zare tabarau don a ga girman mamakinsa. "Haba baiwata! Farar ƙasa ai ta makewayin tasha ce. Ke da kika yi boko? Yanzu duniya somo take yayi."

"Bawan gidanmu, mi ne ne kuma somo?"

"Wani kifi ne na Turai. Launin namansa ake shafa wa ɗakin girki. Duk wanda ya shiga sai yunwa ta kama shi."

"Ka taɓa ganin kifin?"

"Ni da na zauna Tamanrasset?"

"Tamanrasset ɗin da ko kududdufi babu?"

Maimakon amsa sai ya zaro salularsa mai tsagaggiyar fuska ya nuna mata hoto. A inuwa launin ya yi kama da ja, a rana ya koma ruwan ƙasa, wurin tsagewar kuma kore ne. Madam ta gyara gilashinta ta duba da kyau, ta ce za ta yi shawara. Duk wanda ya zauna ajin Madam ya san in ta ce za ta yi shawara, a'a take nufi. Lawali bai zauna ajinta ba. Gaskiya ma bai daɗe a ajin kowa ba.

Washegari ta tafi kasuwa sayen kanwa da kayan yajin mai jego. Ko da ta dawo sai ta iske jama'a a ƙofar gidanta kamar an kama ɓarawo. Katangarta ta waje, wadda aka yi wa sabon yaɓe kafin faɗuwar ruwa, ta zama allon gwaji: nan tabon ja, can rawaya, can wani kore mai tayar da zuciya. Lawali na tsaye da burushi, yana ja da baya yana karkata kai.

"Gwaji ake fara yi," ya ce wa jama'a. "Ƙa'idar aikin ke nan. Ido ne ke zaɓe."

Mariama mai ƙosai, maƙwabciyar Madam, ta nuna koren da matsaminta. "Wanga dai na san shi. Ranar da akuyata ta cika ciki da sabuwar ciyawa, irinsa ta zubar mani a ƙofar ɗaki."

"Ke Mariama, mi kika sani ban da mai da wake?"

"Na san in na soya abu, mutane na gane ko mi ne ne."

Madam ta ratsa su ta shiga gida. Tukwanenta na zube a tsakar gida, turmi a kwance, kaza ta hau faifai tana duba garin da ke cikin ƙwarya. Ta juyo ta dubi Lawali irin duban da ke sa ɗan aji ya fara kuka tun ba a tambaye shi ba.

"Wa ya ba ka izini?"

"Izini a gidan baiwata? Fentin ma kyauta ne, barkata ke nan. Duk gwangwanayen da ke butikin Jibo na kwaso maki."

Gwangwanaye ne da suka daɗe a lungun butiki har tsatsa ta cinye sunayensu. Amma kyautar barka ba a mai da ita, kuma jama'a na kallo. Madam ta haɗiye abin da ya taso mata.

"Buɗe kunnenka. Kafin suna ina son ɗakina, da tukwanena a ciki, da wuta a murhu."

"Kafin suna? Jibi ma sai ki aika a kira ƴan talabijin."

Ya sayo isansi, wato fetur, a kwalba wurin masu sayarwa a bakin hanya, ya surka fentin ya shiga aiki. Bai share kunkunniya ba, wai fentin Turai ba ya tsoron datti. Ya fara da bangon gabas. Kafin ya kai ƙarshensa, farkon ya ɓace. Bangon ƙasa ne mai ƙishirwar shekaru, ya shanye gwangwani guda ko gyatsa bai yi ba. Abin da ya rage a kai launin jiƙaƙƙiyar toka ne.

"Bangonki ne bai waye ba," ya ce. "Bangon Aljeriya da ka nuna mishi burushi ya san abin da ake nufi."

"Sifiri bisa goma," in ji Madam.

"Bangon kika ba?"

"Mai burushin na ba."

Sai dabara ta zo masa. Ya ce ɗanshin damina ne ke hana launi fitowa, zafi yake so. A tsakar gida akwai wutar da ake dafa ruwan wankan jego. Ya cika kasko da garwashi ya shige ɗakin da shi, ya ajiye kusa da gwangwanin da ya surka da isansi. Madam tana buɗe baki ta hana shi sai aka ji fuuu! Wani haske ya fito ta ƙofa, Lawali ya biyo bayansa da gudun da ba a taɓa sanin yana da shi ba, ya tsoma kai cikin randar ruwan sha. Allah ya tsare azara ba ta kama ba. Da ya ɗago, gira babu, gashin baki saura gefe ɗaya.

Sa'adiya ta leƙo daga ɗaki da jariri a hannu. "Kawu Lawali, lafiya?"

"Lafiya lau, ɗiyata. Gasa bango ake cewa. Manyan ma'aikata kaɗai ke yin sa." Ya lalubo tabarau ya rufe wurin da girar take a da.

Mariama ta ɗora haɓa bisa katanga. "Ashe babbaka ma aikin Turai ce? Da ka faɗa da na kawo maka kan akuya ku gasu tare."

Madam ba ta yi dariya ba. Ta zubar da ruwan randar, ta yafa gyale, ta nufi gidan mai unguwa Bawa. Bawa tsohon ɗalibinta ne. Yana hango ta ya miƙe tsaye ya gyara hula, ko da yake furfura ta fara fito masa. Ta zayyana masa laifuffukan Lawali ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko kazar da ta shiga gari ba. Ta ce tana son a hana shi taka gidanta, a kuma sa shi ya gyara katangar da ya ɓata.

Bawa ya sosa ƙeya. "Madam, Lawali ai ɗan gwaggonki ne."

"Na fi ka sanin ɗan wa ne."

"To ai taubashi ne, Madam. Ba a shari'ar taubasai. In na kira shi gaban dattawa, ni za a yi wa dariya."

"Ya kusa ƙone mani gida da mai jego a ciki!"

"Ai bai ƙone ba, Madam."

"Wato duk abin da taubashi ya yi wa taubashinsa, ba laifi ba ne?"

"In dai bai fid da jini ba, wasa ne. Haka muka gada."

"Sake faɗi. Ɗaga murya, kamar kana aji."

Bawa ya haɗa hannuwa a baya. "In dai bai fid da jini ba, wasa ne."

"Madalla. Wannan karatun ka riƙe shi, tun da lissafi ya gagare ka."

Ta dawo gida ta iske abin ya ci gaba. Lawali ya ɗauki babbar tukunyar ƙarfe da ake aro har unguwa ta uku in ana biki, ya juye sauran gwangwanayen a ciki. Abin motsawa kuwa muciyarta ce, wadda ta gada wurin mahaifiyarta. Ya zuba ja, ya zuba rawaya, abin ya koma kamar miyar taushe. Ya ce ya yi zafi da yawa, ya ƙara kore don ya huce, sai ya koma miyar kuka da ta kwana. Ya aika gidan Mariama neman bula ta wanki, ya barbaɗa. Ya ga garin lallen da aka ajiye don ƙunshin mai jego, ya ce ai shi ma launi ne, ya juye. Yana motsawa yana duban salula, yana gyaɗa kai kamar likita.

"Mun kusa," ya ce. Haka ya faɗa da safe, haka ya faɗa da la'asar, haka ya faɗa washegari.

Maƙwabta suka mai da gidan wurin hira. Mai zuwa barka sai ta gaida mai jego a gurguje ta zo ta tsaya kan tukunya. Wata ta ce hantar rago ce da ta kwana ba gishiri. Wata ta ce kunun kanwa ne da aka zuba wa manja. Wani tsoho da ya zo yi wa jariri addu'a ya leƙa, ya ja da baya, ya ce shi dai ya taɓa ganin irin wannan a ƙafar jakinsa kafin ya mutu.

Ana gobe suna Lawali ya ɗaga muciya sama, fentin na zuba daga jikinta a daskare.

"Somo!"

"Wannan ne kifin?" in ji Madam.

"Shi ne sak."

"To Allah ya jiƙan Turawa da abin da suke ci."

Wannan karon bai surka ba, don kada bango ya sake shanyewa. Ya riƙa ɗibar fentin da kauri yana laftawa bisa kunkunniya, bango da rufi har azara, shafe bisa shafe, kamar mai yaɓe. Da ya kai ga ƴar tagar da ke can sama, wadda hayaƙi ke fita ta cikinta tun ranar da aka gina ɗakin, sai ya kwaɓa laka ya toshe ta, ya bi ta da fenti.

"Tagar fa?" in ji Madam.

"Ita ke jawo ƙura. Ɗakin zamani ba ya da rami."

"Hayaƙin ta ina zai fita?"

"Wane hayaƙi? Ɗakin somo ba a hura mishi icce. Gas ake sawa."

"Ka ga gas a gidan nan?"

"Wannan kuma ba aikin mai fenti ba ne, baiwata."

Lokaci ya ƙure, ba halin a kankare. Fuskar fentin ta bushe tana ƙyalli, kuma in mutum ya tsaya daga nesa ya runtse ido ɗaya, ɗakin ya fi rumbun gawayi haske. Madam ta yanke shawara: gobe za a yi girki duka a tsakar gida, ɗakin kuma a bar shi a buɗe, Hajiya Zara'u ta gani daga ƙofa ta wuce.

Da safe aka raɗa wa yaro suna Muddassir, aka yi fatiha, aka yanka rago. Mutanen Tasawa sun iso cikin mota cike, Hajiya Zara'u ta sauko cikin farin leshi da farin gyale, ko ƙuda ya sauka a kai sai an gan shi. Mata suka kafa murahu a tsakar gida, tukwanen miya suka fara tafasa. Ba a jima ba gabas ta haɗe. Iska ta taso, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Maza suka dunƙule cikin zaure, mata suka kwashi tukwane da itacen da ke ci suka ruga inda kowace mace ke rugawa in ruwa ya sauko, wato ɗakin girki. Kafin Madam ta fito daga wurin baƙi, wuta na ci a murhu uku.

Lawali ya ga ranarsa ta zo. Ya sha farar shaddarsa, ya kafa hula, tabarau na rufe da asirin girarsa. Ya je har gaban Hajiya Zara'u ya rusuna.

"Hajiya, sai kin zo kin ga aikin hannuna. Ko a Tasawa babu irinsa. Ko a Maraɗi ma sai gidan wane da wane."

Madam ta yi masa ido, ta yi masa tari, ta taka masa ƙafa. A banza. Hajiya Zara'u ta riga ta miƙe, ita da ke neman abin gani. Aka riƙa mata tabarma a ka har ƙofar ɗakin.

Ciki kuwa hayaƙin jiƙaƙƙen icce ya tashi ya nemi tagarsa ta kullum bai same ta ba, ya dawo ya zauna a kan mutane. Masu girki na tari suna share hawaye. Tururin tukwane ya haɗu da zafin wuta, bango kuma na shan ruwa ta waje. Fentin da ke zaune bisa kunkunniya, ba abin da ya riƙe shi, ya fara kumbura ƙulu-ƙulu kamar bayan kwaɗo.

"Waɗannan ƙurajen fa?" in ji Hajiya Zara'u tana toshe hanci da gyale.

"Ado ne, Hajiya. Da gangan aka yi. Taɓa ki ji laushi."

Hayaƙi ya shige mata ido, ta lalubi bango ta jingina don ta yi tari. Da ta nemi tashi sai bango ya ce bai yarda ba. Ta yunƙura, ta sake yunƙurawa, sai ga ta ta taso da fallen fenti mai faɗin tabarmar salla manne a bayan leshinta. Wurin da ya ɓare, tsohon baƙin bango ya leƙo lafiyarsa lau.

"Kada kowa ya motsa!" in ji Lawali. "Abu kaɗan ne, yanzu zan..."

Bai ƙarasa ba rufi ya saki nasa. Falle ɗaya ya sauko a hankali ya kwanta cikin babbar tukunyar miya, ya rufe naman ragon suna kamar an ja masa bargo. Na biyu ya faɗa cikin shinkafa. Na uku, wanda ya fi su girma, ya zaɓi kan Hajiya Zara'u.

Mata suka yi waje suna salati. Ruwa ya tsagaita daidai lokacin, don kada wani ya rasa ganin abin da ya faru. Maza suka fito daga zaure. Ga uwar mijin Sa'adiya tsaye a tsakar gida, fenti ya lulluɓe ta tun daga ɗaurin kallabi har kafaɗa, wani na reto a bayanta. 

Mariama ce ta fara magana. "To, yau dai mun ga kifin."

Wani ya tuntsire da dariya a cikin zaure, ya mai da ita tari. Madam Hindatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Matar da ta so ta rufe wa baki, ga ta an rufe mata kai gaba ɗaya, a gidanta, gaban dangi biyu, abincin suna kuma na warin isansi.

Lawali ya gyara wuyan riga ya fuskanci maza. "Jama'a ku shaida, na faɗa tun jiya, ɗakin somo ba a hura mishi icce. Laifin bango ne da na masu girki. Aikina dai kowa ya ga..."

Madam ta ratsa jama'a. Ta taka zuwa bayan rumbu inda aka tura babbar tukunyar fentin, ta ɗebo bokiti guda na sauran fentin, ta ɗauko burushinsa. Ta zo ta tsaya gabansa.

"Bawan gidanmu, miƙe da kyau. Hannu a gefe."

Muryar aji ce. Rabin mazan da ke wurin suka miƙe ba su sani ba. Lawali ma ya sandare. Ta tsoma burushi ta fara daga hula. Ba ta yi gaggawa ba. Ta bi kafaɗar dama, ta bi ta hagu, ta sauko kan aikin wuyan shaddar layi bisa layi, ba ta bar gurbi ba, don ita ba ta san aikin rabi da rabi ba.

"Shaddata! Mai unguwa! Bawa, kana gani! Shaddar Tamanrasset ce!"

Madam ta juya. "Bawa, tashi ka ba da karatun shekaranjiya."

Bawa ya fito gaban jama'a, ya haɗa hannuwa a baya, ya ɗaga murya. "In dai bai fid da jini ba, wasa ne."

"Akwai jini?"

Bawa ya matso ya duba da gaske. "Babu, Madam. Sai dai somo."

"Goma bisa goma. Zauna."

Dariyar da aka daɗe ana riƙewa ta ɓalle, har masu wucewa a hanya suka leƙo. Lawali ya nemi zillewa, ya iske Mariama ta tare ƙofa da matsami. Sai ga Hajiya Zara'u ta matso, tana ɓare fenti daga kunnenta.  Ta dubi Lawali sama da ƙasa, ta dubi Madam.

"Madam, ni ba taubashiyarsa ba ce, hannuna ba ya da izini. Amma kawo bokitin in riƙe maki, ki ji daɗin yi mishi baya."

Haka aka yi. Surukai biyu, ɗaya na riƙe da bokiti ɗaya na shafe, suka juya shi suka gama bayan har dunduniya. Tabarau kaɗai Madam ta cire ta ajiye gefe, ta ce jama'a na da hakkin ganin aikin gasa bango. Da aka ga fuskar ba gira, waɗanda suka fara hutawa suka koma sabuwar dariya.

Abincin suna dai ya fito, amma daga ɗakin girkin Mariama, wanda ya fi na Madam baƙi. Maƙwabta suka kawo abin da ke gare su, aka haɗa da sauran naman da ba a kai ga sawa a tukunya ba, kowa ya ci. Da la'asar, Hajiya Zara'u na saye da zanen da Madam ta ara mata, ta sake leƙa ɗakin. Fenti na reto ko'ina kamar tsumma, baƙin bango na fitowa ta ƙarƙashi.

"Madam," ta ce, "don Allah bar shi da baƙinsa. Wancan aƙalla bai taɓa kama ni ba."

Madam ta sa Lawali ya kankare ɗakin da hannunsa, ya buɗe tagar, ya sake yaɓen katangar waje, tana zaune bisa kujera tana nuna masa inda ya tsallake. Yaɓen ya fito a karkace, ta ba shi uku bisa goma, ta sa ya sake. Muciyar mahaifiyarta kuwa ba ta koma tuwo ba har yau, an wanke an kankare an binne cikin toka, warin bai fita ba. Ta ce ya kawo wata. Ya kawo wani icce mai kama da ƙotar gatari, wai irin ta Aljeriya ce. Ta mai da masa.

Girarsa ta tsiro, bakinsa kuma bai ragu da komai ba. Yanzu a rumfar mai shayi labarin da yake bayarwa shi ne, wata babbar Hajiya daga Tasawa ta ga aikinsa, ya burge ta har ta tafi gida da samfuri a jikin gyalenta. An kai wa Madam wannan magana. Ta tambaya ko gaskiya ne ya kai sabuwar shadda wurin tela. Aka ce gaskiya ne, fara ce ma, ta Sallah.

Ta tashi ta leƙa bayan ƙofar ɗakin girki, inda ta ajiye sauran bokitin a rufe da faifai. Ta ɗaga faifan ta tsoma tsinke ta duba. Bai bushe ba.